Mai haura dutse da firji a baya: ɗan dako ne ko ɗan fasa-ƙwauri?

Dan_Kurmi77:
Salamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare wani ya turo mini bidiyo, tun lokacin abin yake cina a rai. Mutane ne a jere kamar tururuwa suna hawan wani dutse da ƙanƙara ta rufe fari fat, kowa da ƙunshin kaya da ya fi shi girma ɗaure a baya. Akwai wani dattijo, gemu duk furfura, wallahi kwalin firji ne a gadon bayansa, yana dogara sanda, in ya yi taku uku sai ya tsaya ya numfasa. An rubuta wai Kurdawa ne a iyakar Iran da Iraki. Tambayata biyu. Gaske ne ko irin haɗin kwamfutar nan ne da aka ishe mu da shi? In kuma gaske ne, an ce harbe su ake yi. Ni a ganina ɗan dako ne kamar na Kwari ko Singa, sai dai shi hanyarsa dutse ce. Abokina ya ce a'a, ɗan fasa-ƙwauri ne, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ku raba mu.

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Firji a baya? A kan dutse? Ni ko buhun gero rabi ban iya ɗagawa. Anya kuwa ba haɗi ba ne.

Dalibi_a_Kum:
Ba haɗi ba ne Hajiya. Shekarata ta shida ke nan a Iran, kowa a nan ya san da su. Sunansu kolbar. A Kurdanci "kol" baya ne ko kafaɗa, "bar" kuma kaya, ka ga dai ɗan dako ke nan kai tsaye. Suna cikin larduna uku da ke jikin tsaunukan Zagros: Kurdistan, Kermanshah da Azarbaijan ta Yamma. Garuruwan da sunansu ya fi fitowa su ne Baneh, Mariwan, Sardasht, Piranshahr, Paweh da Nowsud. Abin da suke shigowa da shi daga ɓangaren Iraki ganyen shayi ne, taba sigari, tayoyi, yadi, talabijin, injin wanki, na'urar sanyaya ɗaki. Kayan ba nasu ba ne. Na 'yan kasuwa ne, su a kan kilo ake biyansu.

BabanKhalifa:
Ni ne abokin da ake magana. Ban ce ban tausaya musu ba fa, kada a juya mini zance. Abin da na ce shi ne kowace ƙasa tana da ƙofa. In ka bar ƙofa ka haura katanga da tsakar dare, ba ka da bakin cewa mai gadi ya zalunce ka. Mu nan in an kama mai shigo da shinkafa ta daji me muke ce masa?

Bakatsine_Jibia:
BabanKhalifa, kai daga ina kake rubutu? Don in daga cikin birni ne a ƙarƙashin fanka, to ka bari mu da muka kwana a bakin iyaka mu ba ka labari. Lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ƙanen matata yana ɗauko buhu biyu a babur ta cikin gonaki. Abin da yake samu a kan buhu bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba. Mai shinkafar yana zaune a shagonsa yana shan shayi. Ranar da aka biyo su, yaron ne ya faɗa rami ya karye a cinya, har yau yana ɗingishi. Alhajin ko dubiya bai zo ba, aike ya yi a tambayi ina buhunansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

BabanKhalifa:
Allah ya ba shi lafiya. Amma labarinka bai rushe maganata ba. Ya san haɗarin ya shiga.

Bakatsine_Jibia:
Ya sani mana. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi.

Injiniya_Sule:
Bari in sa baki, don na yi aikin shekara biyu da wani kamfanin gine-gine a Sulaimaniyya, cikin yankin Kurdawan Iraki. Wata Juma'a direbanmu ya kai mu ƙauyensu wajen Penjwen, dab da iyaka. Abin da na gani da idona: wani fili cike da kwalaye, an naɗe kowanne da leda mai kauri an ɗaure da igiya, ga sikeli a gefe, ga wani yana rubuta lamba a jikin kowane ƙunshi. A wannan ɓangaren ba a ɓoye ake yi ba, kasuwa ce a sarari. Da la'asar sai ga mutane suna gangarowa daga kan dutse, yawancinsu da faffaɗan wandon nan na Kurdawa da ɗamara a ƙugu. Wani da na tsaya kusa da shi ya zauna a ƙasa ya jingina bayansa da kwali, ya zura kafaɗunsa cikin igiya, sai da mutum biyu suka kama hannuwansa suka ja sannan ya iya miƙewa. Gwiwoyinsa na rawa. Takalminsa na roba ne, irin wanda ko kasuwa ba zan je da shi ba. Guzurinsa gurasa ce da ɗan cuku a ɗaure cikin ƙyalle. Direban ya ce mini tafiyar da ke gabansa sa'o'i ce masu yawa, kuma da daddare za a yi ta, ba a kunna tocila. Na daɗe ina kallon dutsen. Ni da ba kaya a jikina, ba na jin zan kai rabinsa.

Ummu_Hanan:
Innalillahi. Na janye maganata ta haɗi. To wa ke sayen kayan?

Dalibi_a_Kum:
Hajiya, amsar za ta ba ki mamaki: iyayen amare. A Iran ma gidan mace ne ke yin kayan ɗaki kamar mu, suna ce masa jahiziye, kuma ana gasa a kai. Garin Baneh ya yi suna da kasuwar kayan wuta masu araha, mutane na tasowa daga Tehran da Isfahan su je can sayayya. Mai gidan da na taɓa haya a wajensa da zai aurar da 'yarsa can ya je ya ɗauko talabijin da injin wanki. Na taya shi sauke su daga mota. A jikin kwalin injin wankin akwai sawun igiya da ya nutse cikin kwalin, layi biyu. A lokacin ban gane ba. Sai daga baya na fahimci inda aka ɗaura wa wani a kafaɗa ne.

Dalilin da ya sa kasuwar ke ci: a Mayun 2018 Trump ya fitar da Amurka daga yarjejeniyar nukiliya ya maido da takunkumi, riyal, kuɗin Iran, ya zube. A shekarar gwamnatin Iran ta hana shigo da kayayyaki sama da 1,300 don ta tattala dala. A 2021 kuma aka hana shigo da kayan gida na Koriya ta Kudu, su Samsung da LG, don a kare masana'antun cikin gida. Amma amarya ba ta daina son Samsung ba. Da ka toshe ƙofa, kayan sai su bi ta kan dutse.

Abu_Sumayya:
Ku daina kewaye-kewaye. Ana kashe su ne saboda Ahlus Sunna ne, ƙasar kuma ta Shi'a ce. Shi ke nan magana. Shi wannan ɗalibin ai ba zai faɗa muku ba tunda abincinsu yake ci.

Admin_Zaure:
Abu_Sumayya, a kiyaye harshe. Ba a nan za a yi wannan faɗan ba. A kawo hujja, a bar mutum.

Dalibi_a_Kum:
Ba komai Admin, na saba. Malam Abu_Sumayya, rabin maganarka gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. Yawancin Kurdawan lardin Kurdistan da na Azarbaijan ta Yamma 'yan Sunna ne Shafi'awa, kuma sun daɗe suna kukan an mayar da su saniyar ware wajen muƙamai da masana'antu. Sai a 2024 aka naɗa Bakurde ɗan Sunna gwamnan lardin Kurdistan, bayan shekara 40 da ɗoriya. Wannan kaɗai ya isa shaida. Amma a Kermanshah akwai Kurdawa 'yan Shi'a da yawa, kuma lardin na cikin waɗanda rashin aikin yi ya fi yi wa katutu a ƙasar. Sannan ka duba Turkiyya, wadda ba ta Shi'a ba. Ranar 28 ga Disambar 2011 jiragen yaƙinta suka yi ruwan bama-bamai a kan ayarin 'yan ƙauyen Roboski da ke dawowa daga Iraki da man fetur da sigari a kan alfadarai. Mutum 34 suka mutu, da yawansu yara ne da ba su kai 18 ba, akasarinsu dangi ɗaya. Har yau ba wanda aka hukunta. Wannan kuma wace aƙida za ka ɗora wa?

Tsohon_Soja_82:
Ku saurare ni yara, na yi gadin iyaka kafin a haifi wasunku. Ku da ke kallon bidiyo da rana kuna ganin firji. Wanda ke kan tsauni ƙarfe biyun dare inuwa kawai yake gani tana motsi da ƙunshi a baya. Ba a rubuta wa ƙunshi "shayi" ko "harsashi" a goshi. Wannan iyakar da kuke magana akwai ƙungiyoyin Kurdawa masu ɗauke da makamai, PJAK da Komala da KDPI, sun sha yin artabu da Dakarun Juyin Juya Hali a waɗannan duwatsun. Shi ma sojan nan ɗan talaka ne, yawanci yaro ne mai bautar ƙasa ta dole da aka jefa wurin da bai san kowa ba, ba ya jin yaren mutanen. Tsoro ke danna kunama, ba mugunta ba kullum.

Lauya_Binta:
Baba, da girmanka, na yarda da batun tsoro, amma dokar Iran ɗin kanta ba ta ba shi wannan uzurin ba. Dokarsu ta amfani da makami ta jera matakai: a yi gargaɗi, a yi harbi sama, sannan a nufi ƙasa da ƙugu, kuma sai in babu wata hanyar tsayar da mutum. Ƙungiyoyin da ke bin lamarin, irin su Hengaw da Kurdistan Human Rights Network, kowace shekara suna lissafa gommai da aka kashe da fiye da ɗari da aka jikkata, mafi yawa ta harbin jami'ai. Javaid Rehman, wanda ya riƙe muƙamin mai bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan Adam a Iran daga 2018 zuwa 2024, ya sha tayar da maganar a rahotanninsa. Kuma ka lura, mai shigo da taya ko shayi ba bisa ƙa'ida ba, hukuncinsa a kotu ƙwace kaya ne da tara, in ya yi tsanani ɗauri. Ba kisa ba. To wane dalili ne zai sa a zartar masa a kan dutse abin da alƙali ma ba zai yanke masa ba? BabanKhalifa, wannan ce amsata gare ka. Ko mun yarda mai laifi ne, laifin bai kai jini ba.

Tsohon_Soja_82:
'Yata, a takarda haka ne. Ban musa ba. Na dai faɗa muku yadda dare yake.

Nas_Talatu:
Kun tsaya a kan harsashi kun manta sanyi. Mu nan hunturun Jos ko na Damagaram ake kuka da shi, alhali ruwa bai ma daskare ba. Mutumin da ya yi sa'o'i yana hawa da kilo 40 ko 50 a baya gumi yake yi sharkaf a cikin riga. Da ya tsaya, ko guguwar ƙanƙara ta tare shi, jiƙaƙƙiyar rigar nan ita ce ajalinsa. Farko karkarwa, daga nan harshe ya yi nauyi, tunani ya rikice, sai wani barci mai daɗi ya fara fizgarsa. In ya kwanta shi ke nan. Waɗanda suka tsira kuma yatsun hannu da na ƙafa kan yi baƙi, sai an yanke. Ban ma zo kan ƙashin baya da gwiwa ba, wanda ya yi shekara goma a wannan aikin kafin ya kai 40 ya zama tsoho.

Dalibi_a_Kum:
Anti Talatu ta tuna mini. A Disambar 2019 wasu 'yan'uwa biyu daga wani ƙauye kusa da Mariwan guguwa ta rutsa da su a mashigin Tata, yankin Hawraman. An fara samun gawar yayan. Ƙanen, ɗan shekara 14, sai bayan kwanaki mutanen ƙauyuka da suka bazu cikin ƙanƙara suna nema suka gano shi. Ranar jana'iza jama'a sun fito da yawa, wasu suna ɗaga gurasa sama. Ko jaridun cikin gida sun buga labarin, 'yan ajinmu Iraniyawa sun yi kwanaki suna zancen.

Ummu_Hanan:
Shekara 14. Sa'an Hanan ɗina ke nan. Ya Allah. Uwarsu fa, yara biyu a mako ɗaya.

JikanMaiGoro:
Duk laifin Turawa ne. Su suka zauna da biro suka yanka ƙasar Kurdawa gida huɗu, Turkiyya, Iran, Iraki, Siriya, kamar yadda suka raba Katsina da Maraɗi. Mutum zai je ƙauyen kawunsa a ce ya tsallaka ƙasa.

Malam_Tarihi:
JikanMaiGoro, gyara kaɗan. Ta ɓangaren Turkiyya da Iraki da Siriya maganarka na kan hanya, bayan yaƙin duniya na ɗaya aka yi wannan rabon, yarjejeniyar Lozan ta 1923 kuma ta binne batun ƙasar Kurdawa. Amma iyakar da muke magana a kai, ta Iran da Iraki, ta girmi zuwan Turawa. Tushenta yarjejeniyar Zuhab ce ta 1639 tsakanin Daular Usmaniyya ta Turkawa da Safawiyawan Farisa. Abin da ya canja shi ne a da layin a takarda yake, makiyaya da fatake na wucewa abinsu. Yaƙin Iran da Iraki na 1980 zuwa 1988 ne ya mayar da wurin abin tsoro. An binne nakiyoyi bila adadin, har yau ba a gama tone su ba, ruwan sama da zaizaya kuma na gusar da su daga inda aka sa. Kolbar da ya kauce wa hanya don gudun jami'ai, cikin gonar nakiya yake faɗawa. Manomi ma bai tsira ba. Ga ƙasar duwatsu, ga nakiya a ɗan filin da ya rage, ga babu masana'anta. Ku ce mini me mutum zai ci.

JikanMaiGoro:
Na karɓi gyara Malam. Amma batun kawu a ƙetaren layi yana nan.

Almajirin_Zaure:
Ni tambayata ta addini ce. Kuɗin da suke samu halal ne? Don na ji an ce har giya ake shigowa da ita ta wannan hanyar, kuma hadisi ya la'anci mai ɗaukar giya da wanda aka ɗauko wa.

Malam_Na_Bakin_Kasuwa:
Hadisin sahihi ne, kuma gaskiya giya na shiga Iran ta wannan iyakar tunda haramtacciya ce a can. Wanda ya san giya ce ya ɗauka, wannan babu ja. Amma kada mu yi wa dubban mutane kuɗin goro. Shayi da taya da injin wanki ba haramun ba ne a zatinsu, saɓa wa dokar hukuma ne, malamai kuma sun yi magana mai tsawo a kan iyakar biyayya ga shugaba a irin wannan. Ni abin da ke tsaya mini shi ne Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa. Sata fa, ba dako ba. Fatawa dai ba a zaure irin wannan ake bayarwa ba, malaman can sun fi mu sanin halin mutanensu.

BabanKhalifa:
To na ji duka. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini me gwamnati za ta yi. Ta buɗe iyaka kowa ya shigo da abin da ya ga dama? Masana'antun cikin gida su mutu? Ai su ma ma'aikata ne da iyali.

Lauya_Binta:
In masana'antu ake karewa, a fara da inda kayan suka fi shigowa. Nawa bayan mutum zai ɗauka? Kwantena ɗaya a tashar jiragen ruwa ta fi abin da ɗaruruwansu za su yi jigila a dare guda. Ba 'yan adawa kaɗai ke faɗa ba. A 2011 Ahmadinejad, yana kan kujerar shugaban ƙasa, ya yi shaguɓe a bainar jama'a kan "'yan'uwanmu masu fasa-ƙwauri" da ke da tashoshin ruwa na kansu da kwastan ba ya leƙawa, kowa kuma ya san da Dakarun Juyin Juya Hali yake. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Dalibi_a_Kum:
Kuma BabanKhalifa, an taɓa gwada tsaka-tsaki. Akwai lokacin da aka ba mazauna ƙauyukan iyaka kati, aka ware wasu mashigai da za su riƙa shigo da kaya daidai gwargwado da rana tsaka. Da aka rufe mashigan, a Afrilun 2018 'yan kasuwar Baneh da Jawanrud da wasu garuruwa suka rufe shaguna na makonni. A Baneh shimfiɗa ledar cin abinci suka yi a kan titi, doguwa, babu komai a kanta. Kafin nan ma, a Satumbar 2017, garin ya tashi bayan an harbe kolbar biyu. Wato su kansu mutanen ba buɗe iyaka gaba ɗaya suke nema ba. Ko a ba su aiki, ko a bar musu hanyar da za su bi da rana ba a harbe su ba. A ɓangaren Baluchistan ma akwai irinsu, masu jigilar mai zuwa Pakistan, ana ce musu sukhtbar. An kashe da dama a Sarawan a Fabrairun 2021.

Damagaram_227:
Ina karantawa tun safe ban ce komai ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini, maganar sawun igiya a jikin kwali. Mu ma buhunan da muke ci ba mu taɓa tambayar bayan wa suka hau ba.

BabanKhalifa:
Batun kati da hanyar rana na yarda da shi, wannan tsari ne. Harbi ba gargaɗi kuma ban taɓa goyon bayansa ba, a koma a karanta abin da na rubuta. Amma sunan aikin bai canja ba, Dan_Kurmi. Fasa-ƙwauri ne.

Dan_Kurmi77:
Mai kayan ne ɗan fasa-ƙwauri. Wanda ake auna wa kilo a biya shi ladan ɗauka, a Kurmi sunansa ɗan dako, ko ina ya bi da kayan. Injiniya, mutumin da ka ce sai da aka ja shi ya tashi, ka san ko ya isa?

Injiniya_Sule:
Ban sani ba wallahi. Mun bar wurin kafin magariba, direban yana sauri saboda hanyar ba ta da kyau da duhu. Lokacin da muka juya mota suna can sun fara hawa, ana hango kwalayen amma ba a ganin mutanen da ke ƙarƙashinsu.

Abu_Sumayya:
Ni dai har yanzu ba a ba ni amsar me ya sa lardunan 'yan Sunna ne suka fi talauci ba.

Admin_Zaure:
Buɗe wa wannan zaren daban, Malam. Dan_Kurmi, turo bidiyon nan a nan, mutane na ta tambayata a gefe.